Kafa Ƙaramar Sana'a a Yanar Gizo da Jarin Kai: Darasi daga Pinboard

A ranar 16 ga Disamba, 2010, wani hoto ya sulale daga taron cikin gida na kamfanin Yahoo da ke jihar Kaliforniya ta Amurka, ya bazu a duniya. Hoton na ɗauke da jerin ayyukan da kamfanin ke shirin jinginewa, kuma a cikinsu har da Delicious, wato wani gidan yanar gizo da miliyoyin mutane ke ajiye adiresoshin shafukan da suka karanta domin su koma musu wata rana. Hankalin masu ajiya ya tashi. Cikin sa'o'i kaɗan dubbai daga cikinsu suka kwashe kayansu suka nufi wani ɗan ƙaramin gida mai suna Pinboard, wanda a lokacin mutum biyu kacal ke riƙe da shi. Gidan bai rushe ba, alhali kuwa irin wannan turmutsutsu ya sha durƙusar da gidajen da suka fi shi ma'aikata da dukiya.

Wannan darasi zai bi tarihin Pinboard domin bayyana yadda ake gina ƙaramar sana'a a yanar gizo, a ƙaddamar da ita, ba tare da an karɓi jarin kowa ba. Za a ga cewa ilmin kwamfuta ɓangare ne kawai na al'amarin. Abin da ke raya irin wannan sana'a ko ya kashe ta shi ne lissafi guda: shin kowane abokin ciniki da ya shigo yana biyan fiye da abin da ake kashewa a kansa, ko kuwa?

Hanyoyi biyu na samun jari

Duk mai son buɗe sana'a, a kasuwa take ko a yanar gizo, sai ya tanadi uwar kuɗi. A harkar intanet hanyoyi biyu suka fi shahara. Ta farko ita ce a je wurin masu jarin kasada, wato kamfanonin da ke zuba kuɗi a sababbin sana'o'i su karɓi wani kaso na mallaka. Waɗannan sun san cewa mafi yawan sana'o'in da suka sa wa kuɗi za su mutu, don haka fatarsu ita ce ɗaya ko biyu su bunƙasa matuƙa har su rufe asarar sauran. Saboda haka ba sa marhabin da sana'ar da za ta tsaya ƙarama tana ciyar da mai ita lami lafiya. Abin da suke nema shi ne girma cikin gaggawa, sa'an nan a sayar da kamfanin ko a kai shi kasuwar hannun jari. Wanda ya karɓi kuɗinsu kuwa ya karɓi wannan sharaɗi, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

An ga iyakar wannan hanya a ƙarshen shekarun 1990. Kamfanin Pets.com, mai sayar da abincin karnuka da kyanwoyi ta intanet, ya shiga kasuwar hannun jari a watan Fabrairu na 2000, ya rufe a watan Nuwamba na wannan shekarar. Kamfanin Webvan, mai kai kayan cefane gida, ya ci ɗaruruwan miliyoyin daloli kafin ya karye a 2001. Dukansu suna da abokan ciniki, amma suna sayarwa ne da faɗuwa, suna fatar yawa zai gyara lissafi daga baya.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya fara da abin da ke aljihunsa da lokacinsa, ya nemi a biya shi tun daga farko, ya riƙa mayar da ribar cikin sana'ar. Tafiyar tana da nawa, amma babu wanda zai zo ya ce a rufe ko a sayar. Wannan hanya ce Maciej Ceglowski ya bi. Haifaffen ƙasar Folan ne da ya tashi a Amurka, mai rubuta manhajar kwamfuta, kuma ya taɓa yin aiki a kamfanin Yahoo ɗin kansa.

Matsalar da aka sa gaba

Ba a fara sana'a da na'ura. Ana fara ta ne da wata buƙata da mutane ke ji a jikinsu har za su iya buɗe aljihu dominta. Buƙatar da Pinboard ya tunkara ta ɗalibai ce da manazarta da 'yan jarida da duk mai yawan karatu a intanet: mutum ya ci karo da maƙala mai amfani yau, bayan wata shida ya neme ta ya rasa. Joshua Schachter ya magance rabin wannan matsala da ya ƙirƙiro Delicious a 2003, inda ake ajiye adireshin shafi a maƙala masa laƙabi, alal misali “noma” ko “tarihi”, domin a same shi cikin sauƙi. Yahoo ya sayi Delicious a watan Disamba na 2005. Amfani da shi kyauta ne, kuma a nan gizo ke saƙar, domin gidan da ba ya kawo kuɗi ba ya samun kulawa a babban kamfani.

Ɗaya rabin matsalar shi ne mutuwar shafuka. Adireshi na iya zama a ajiye, amma shafin da yake nunawa ya ɓace saboda mai shi ya daina biyan haya ko kamfanin ya rufe. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Don haka Ceglowski ya tsara gidan da zai yi abubuwa kaɗan amma ya yi su da kyau: ya buɗe da sauri, babu talla, mai ajiya ya iya ɓoye kayansa daga idon jama'a, wanda kuma ya ƙara kuɗi a adana masa cikakken kwafin kowane shafi.

Abin lura a nan shi ne bai ƙirƙiro sabon abu ba. Ya ɗauki abin da aka riga aka sani ne, wanda yake amfani da shi da kansa, ya rage masa kwalliya, ya sa masa farashi. Mai ƙaramin jari ba shi da kuɗin koya wa jama'a sabuwar ɗabi'a, don haka ya fi masa sauƙi ya shiga inda buƙata ta riga ta tabbata amma ana yi mata riƙon sakainar kashi.

Kayan gini

Ko da yake ba a ganin tubali da siminti, gidan yanar gizo yana da kayan gini, kuma kowanne da kuɗinsa. Na farko shi ne sunan adireshi. Kwamfutocin da ke kan intanet suna gane juna ne da lambobi, amma ɗan Adam ba ya iya riƙe su, shi ya sa a 1983 Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin da ake kira DNS, wanda ke aiki kamar kundin lambobin tarho: a ba shi suna, ya ba da lamba. Ba a sayen suna a mallake shi har abada, hayarsa ake yi shekara-shekara, kuma yawanci ba ya wuce dala 10 zuwa 20. Adireshin Pinboard yana ƙarewa ne da “.in”, wato harufan da aka keɓe wa ƙasar Indiya, duk da cewa sana'ar ba a can take ba.

Na biyu shi ne uwar garke, wato kwamfutar da ke kwana a kunne dare da rana tana jiran buƙatun baƙi. Idan mai karatu ya rubuta adireshi a burauzarsa, saƙo ne yake aikawa ga wannan kwamfuta, ita kuma ta harhaɗa shafin ta aiko masa. Ana iya hayar na'ura guda sukutum a ɗakin adana kwamfutoci, ana kuma iya hayar wani yanki nata. Tun daga 2006, lokacin da kamfanin Amazon ya fara ba da hayar ƙarfin kwamfuta da ma'ajiya gwargwadon abin da mutum ya yi amfani da shi, wannan ɓangare ya yi araha ƙwarai.

Na uku shi ne rumbun bayanai, inda ake jera sunayen masu ajiya da adiresoshinsu da laƙubbansu cikin tsari, ta yadda za a zaƙulo ɗaya daga cikin miliyoyi kafin ƙiftawar ido. Na huɗu kuma ita ce manhajar da ke tsakanin baƙo da rumbun, wadda mai sana'ar ke rubutawa da hannunsa. An gina Pinboard da harsunan PHP da Perl, da rumbun MySQL. PHP da MySQL sun fito ne tun 1995, Perl ma ya girme su, kuma dukansu kyauta ake samunsu. A 2009 matasan masu rubuta manhaja da yawa na ganin waɗannan kaya tsofaffin yayi ne. Amma tsohon kaya yana da wata fa'ida ga wanda ke aiki shi kaɗai: an daɗe ana amfani da shi, an san cututtukansa, an kuma rubuta magungunansu. Idan na'ura ta tsaya da ƙarfe uku na dare, babu sashen injiniyoyin da za a taso, mai sana'ar ne zai tashi, kuma a wannan sa'a abin da ya sani ciki da bai ya fi masa abin da ya burge.

Ya kamata a tuna cewa arahar waɗannan kaya ta samo asali ne daga wata shawara. Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar binciken CERN da ke kusa da birnin Janiba, kuma a ranar 30 ga Afrilu, 1993, cibiyar ta sake fasahar ga kowa ba tare da kuɗin lasisi ba. Da an sa mata haraji, da ƙananan 'yan kasuwa ba su samu rumfa a cikinta ba.

Kaya na biyar, wanda sababbin shiga ke yawan barinsa zuwa ƙarshe, shi ne hanyar karɓar kuɗi. Ƙaramin ɗan kasuwa ba ya taɓa lambar katin abokin cinikinsa, yakan bar wannan ga dillalai irin su PayPal ko Stripe, su karɓa su cire la'adarsu su miƙa masa saura.

Lissafin rayuwa da mutuwa

A nan ne zuciyar darasin take. Kuɗin da sana'a ke kashewa iri biyu ne. Akwai tsayayye, wanda za a biya ko da mutum ɗaya bai leƙo ba, kamar hayar uwar garke da sunan adireshi. Akwai kuma mai tafiya da yawan jama'a, kamar wurin ajiyar da kowane mutum ke ci, da la'adar dillali, da lokacin amsa wasiƙunsa.

Ga misali da alƙaluman da aka ƙaddara domin koyo, ban da la'adar, wadda ita ce Stripe ya saba karɓa a Amurka, wato kashi 2.9 cikin ɗari da ƙarin senti 30 a kan kowane ciniki. A ce ana karɓar dala 11 a shekara daga kowane mutum. La'ada za ta ci kimanin senti 62. A ce wurin ajiyarsa ya ci senti 38. Abin da ya rage a hannu shi ne dala 10. Idan kuɗin da ke tsaye dala 200 ne a wata, wato dala 2,400 a shekara, to ana buƙatar mutum 240 kafin a fita daga faɗuwa. Amma fa har yanzu mai sana'ar bai ci abinci ba. Idan yana buƙatar dala 30,000 a shekara domin kansa da iyalinsa, jimillar ta zama dala 32,400, ke nan sai ya tara mutum 3,240.

Lissafin bai ƙare ba, domin ba duk wanda ya biya bana ne zai biya baɗi ba. Idan mutum 20 cikin kowane 100 suka janye, to kowace shekara sai an samo sababbi 648 kafin a tsaya inda ake, ba ma a ci gaba ba. Idan kuma cikin kowane baƙo 100 da suka leƙo biyu ne ke biya, sai an jawo baƙi 32,400. Wanda ya yi wannan lissafi a takarda kafin ya rubuta layin manhaja ko ɗaya ya san girman dutsen da zai hau. Zai kuma gane cewa riƙe tsohon abokin ciniki ya fi farautar sabo araha nesa ba kusa ba.

Akwai wani abin da wannan senti 30 ke koyarwa. Da za a raba kuɗin a riƙa karɓar dala ɗaya kowane wata, la'ada za ta ci kusan senti 33 a kowace dala, wato sulusin cinikin. Wannan ne ya sa sana'o'i masu ƙaramin farashi suka fi son karɓar kuɗin shekara a dunƙule. Ga kuma ƙarin alheri, kuɗin da aka biya tun farkon shekara shi ke zama jarin da za a juya, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yanzu a juya lissafin. Idan amfani da gidan kyauta ne, kowane sabon mutum ba dala 10 yake kawowa ba, senti 38 yake ɗebewa. Ke nan farin jini ya zama bala'i: gwargwadon yadda aka so gidan, gwargwadon yadda yake zubar da kuɗi. Pierre Omidyar ya gamu da wannan tun farkon zamanin yanar gizo. A watan Satumba na 1995 ya buɗe wani shafin gwanjo mai suna AuctionWeb a matsayin abin sha'awa, kyauta, yana biyan dala 30 a wata ga kamfanin da ke ba shi intanet. Da jama'a suka yi yawa, a farkon 1996 kamfanin ya ɗaga kuɗin zuwa dala 250. Dole ta sa ya fara karɓar ɗan kaso daga masu sayarwa, sai ga kuɗi na shigowa fiye da hayar. Shafin nan shi ne ya zama eBay, wanda sai a 1997 ya karɓi jarin waje, lokacin da ya riga ya fara riba.

Ƙaddamarwa da dabarar farashi

An buɗe Pinboard ga jama'a a watan Yuli na 2009, ba tare da biki ko tallar jarida ba. Kuɗin shiga kimanin dala 3 ne, sau ɗaya ake biya, amma da wata dabara: duk lokacin da wani ya yi rajista, farashin yakan ƙaru da ɗan ɓangare na senti ɗaya. Wannan dabara ta yi ayyuka uku. Ta kori masu buɗe asusun bogi domin watsa tallar banza, waɗanda suka addabi gidajen kyauta, domin wanda zai buɗe asusu dubu ba zai biya kuɗi dubu ba. Ta rage saurin girma zuwa abin da mutum ɗaya ko biyu za su iya ɗauka. Ta kuma sa mai jinkiri ya san cewa gobe farashin zai fi na yau. Wanda ke son a adana masa cikakken kwafin shafuka kuwa, a wancan lokaci yana biyan dala 25 a shekara.

Sabon ɗan kasuwa yakan ji kunyar neman kuɗi a kan abin da bai kammala ba. Wannan kunya ba ta da amfani. Abokai za su yaba da kowane irin aiki don kara, amma yabo ba hujja ba ne. Hujjar farko da ke nuna cewa akwai sana'a ita ce ranar da wani baƙo, wanda bai san mai gidan ba, ya ciro katinsa ya biya.

Ba a ce kyauta haramun ce ba. Kamfanin Mailchimp, mai aika wasiƙun talla ta imel, wanda Ben Chestnut da Dan Kurzius suka fara a birnin Atlanta a 2001 a gefen aikinsu na tsara shafuka, bai taɓa karɓar jarin kasada ba, amma ya buɗe sashen kyauta a 2009 kuma hakan ya bunƙasa shi. Sai dai ya yi haka ne bayan shekara takwas yana karɓar kuɗi, lokacin da ya san abin da kowane mutum ke ci, kuma yana da ribar da za ta ɗauki nauyin masu cin kyauta. Kamfanin Intuit ya saye shi a 2021 a kan kimanin dala biliyan 12.

Ranar turmutsutsu

A koma ga Disambar 2010. Kowane mutum da ya gudo daga Delicious ya zo ne da kundin adiresoshinsa na shekaru, wasu dubbai, kuma dole a shigar da su rumbu ɗaya bayan ɗaya. Cikin ƙasa da kwana biyu an shigar da miliyoyi, fiye da duk abin da gidan ya tara tun kafuwarsa. Layin masu jiran a shigar da kayansu ya yi tsawo, wasiƙun neman taimako suka yi ta kwarara, Ceglowski da abokin aikinsa Peter Gadjokov suka yi ta fama ba barci. Amma shafin ya ci gaba da buɗewa.

Dalilai biyu suka tsirar da shi. Na farko na fasaha ne: manhajar ba ta da nauyi, kuma na'urorin da aka yi haya sun fi buƙatar yau da kullum ƙarfi, don haka akwai rarar da za ta sha bugun. Na biyu na lissafi ne. Kuɗin shiga ya zama ƙofa mai tace jama'a, masu leƙe kawai suka tsaya a waje. Kowane mai shigowa kuma ya zo da kuɗin da za a ƙara na'ura da shi. Da gidan na kyauta ne, da masu shigowa sun ninka haka sau da yawa, babu kuma ko sisin da za a tarbe su da shi. Washegari Yahoo ya fito ya ce ba rufe Delicious zai yi ba, sayarwa zai yi, amma da yawa daga waɗanda suka riga suka biya ba su koma ba.

A watan Afrilu na 2011 aka sayar da Delicious ga kamfanin AVOS na Chad Hurley da Steve Chen, biyu daga cikin waɗanda suka kafa YouTube. Da suka sake masa fasali a watan Satumba na wannan shekara, sai suka lalata wasu hanyoyin laƙabi da wata al'umma ke dogaro da su, wato masu rubuta ƙagaggun labarai a kan taurarin finafinai da littattafan da suke ƙauna. Ceglowski ya tambaye su abin da suke buƙata, suka haɗu suka rubuta masa takarda mai shafi fiye da 50, ya gina musu wasu daga ciki, suka ƙaura gidansa. Bai taɓa tsammanin su ne za su zama abokan cinikinsa ba. Mai amsa wasiƙu da hannunsa ne kawai ke jin irin wannan kira.

Amanar kayan mutane

Mai irin wannan sana'a mai riƙon ajiya ne, kuma babban abin da zai kashe shi dare ɗaya shi ne ɓatan ajiyar. Wata shida kafin buɗe Pinboard, a ƙarshen Janairun 2009, rumbun wani gidan ajiye adiresoshi mai suna Ma.gnolia ya lalace. Suna da kwafin ko-ta-kwana, amma lalacewar ta shafi kwafin ma, kuma ba a iya dawo da rumbun ba. Masu ajiya da yawa suka rasa tarin shekaru.

Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a ajiye kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri mai nisa domin gobara ko ambaliya. Muhimmin abin da ake mantawa shi ne gwaji: lokaci-lokaci a ɗauko kwafin a gina gidan daga gare shi a wata na'ura, a tabbatar yana aiki. Haka nan wajibi ne a bai wa kowane mai ajiya hanyar kwashe kayansa duk ranar da ya so. A ido kamar buɗe wa abokin ciniki ƙofar gudu ne, amma mutane sun fi sakin jiki su ajiye kaya inda suka san ba a kulle su ba. Doka ma ta shigo cikin lamarin: Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar kare bayanan jama'a a 2018, Nijeriya kuma ta kafa tata a 2023.

Kuskuren da aka gyara

Dabarar farashin Pinboard tana da wani rauni da bai bayyana ba sai da tafiya ta yi nisa. Wanda ya biya dala 5 a 2010 ya biya ne sau ɗaya, amma kayansa na cin wuri da wuta kowace shekara. Ke nan sababbin shiga ne ke ɗaukar nauyin tsofaffi, kuma duk ranar da sababbi suka ragu lissafin zai karkace. A farkon 2015, lokacin da kuɗin shiga ya haura dala 10, aka sauya tsari: sababbin masu rajista suka koma biyan dala 11 kowace shekara, daga baya ma ya ƙaru zuwa dala 22. Waɗanda suka riga suka biya aka bar su a kan alkawarinsu. Nauyin da ke maimaituwa yana buƙatar kuɗin shiga mai maimaituwa, kuma shekara biyar da rabi aka ɗauka kafin a daidaita wannan.

Akwai wani raunin da babu dabarar farashin da za ta magance shi. Sana'ar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya tana rashin lafiya idan ya yi rashin lafiya, tana tsayawa idan hankalinsa ya koma wani wuri. Mai hankali yakan rubuta yadda ake tafiyar da komai, ya kuma bar makullai a hannun wani amintacce.

Ga wanda zai gwada daga Nijeriya, kayan ginin duk suna samuwa. Hukumar NiRA ce ke kula da adiresoshi masu ƙarewa da “.ng”, kuma kamfanoni irin su Paystack, wanda aka kafa a Legas a 2015, da Flutterwave, wanda ya biyo baya a 2016, suna karɓar kuɗi da naira ta kati ko ta banki. Amma akwai wani layi da dole a ƙara a lissafin da aka yi a sama. Hayar uwar garke a waje da dala ake biyanta, ciniki kuwa da naira yake shigowa. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya karɓi kuɗin shekara a tsohon farashi ya ga hayarsa ta ninka sau uku kafin shekarar ta cika, ba tare da abokin ciniki ko ɗaya ya ƙaru ba.

Shi kuwa Delicious ya ci gaba da sauya hannu. AVOS ya sayar da shi a 2014, aka sake sayar da shi bayan nan, kowane sabon mai shi yana neman hanyar da zai sa gidan kyauta ya kawo kuɗi. A watan Yuni na 2017 Ceglowski ya saye shi a kan dala 35,000, alhali rahotanni sun ce Yahoo ya biya tsakanin dala miliyan 15 zuwa 30 a 2005. Ya dakatar da sabuwar ajiya a cikinsa, ya bar tsofaffin adiresoshin a buɗe domin masu su su karanta ko su kwashe, ya kuma sanar da cewa duk mai son ci gaba da ajiya sai ya koma Pinboard ya biya kuɗin shekara.